Tubalin da Na Gasa wa Hakim

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ni mai kamina ne a ƙauyenmu da ke bakin bahar, wato babban kogin nan, ba nisa da Abu Na'ama. Ga waɗanda ba su san kamina ba, ɗanyen tubali ne ake jerawa ya yi tudu kamar ɗaki, a bar masa bakunan wuta daga ƙasa, a yaɓe shi da laka, a yi ta ɗura masa itace har ya gasu ya yi ja. Sana'ar da na gada ke nan, kuma ba yabon kai ba, na iya ta. Na daɗe ina ɓoye wannan labari a cikina. Yanzu yawancin waɗanda za su ji kunya in na faɗa sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni kuwa kunyar ta gama cin abin da za ta ci.

Muna da likita a garin, Hakim muke ce masa kamar yadda ake kiran likita a ƙasar nan. Ɗan garinmu ne haihuwa da girma. Ya tafi Madani ya yi karatu, aka so riƙe shi a birni, ya ce a kai kasuwa, ya kwaso akwatinsa ya dawo. Asibitinsa ɗaki ɗaya ne na laka da rufin kwano, tebur ɗaya, gado ɗaya, sai tukunyar da yake tafasa allura. A wannan ɗaki ya yi fama da zazzaɓinmu, da harbin kunama, da saran maciji, da fitsarin jinin da 'yan tsinkar auduga ke kwasowa daga Wad Haddad duk shekara. In haihuwa ta gagari ungozoma, shi ake aika wa. Allah bai ba shi ɗa ko ɗaya ba, daga shi sai matarsa Hajiya, amma rabin garin a hannunsa suka fara kuka.

Sai dai yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Da an yi la'asar zai ja ƙofar asibiti, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya ɗauki wani tsohon littafi ya nufi bakin ruwa. Me zai yi? Kallon tsuntsaye! Babban mutum da furfura, a tsugune a gindin itace yana leƙen zalɓe. Ya san ranar da shamuwa ke isowa, ya san ramin da cilakowa ke ƙwai, in gauraka suka sauka kuwa ranar har jinya da fara'a yake yi. Mu dai mun yanke cewa karatu ya ɗan taɓa shi, Allah ya kyauta.

Ɗabi'a ta biyu ita ce ta jawo wannan labari. Duk wanda ya yi ciwo mai tsanani ya tashi, ko matar da ta sha wuyar haihuwa ta sauka lafiya, Hakim ba ya sallamarsa hannu sake. Bayan asibitin akwai gwangwanayen madara jere, kowanne da ɗan tsiro a ciki, yawanci bagaruwa, wani lokaci tsamiya ko magarya. Zai ɗauko ɗaya ya miƙa maka ya ce, "Ga sauran maganin. Ka kai bakin bahar ka dasa, ka ba shi ruwa har shi tsaya da ƙafa tai." Ba a yi wa Hakim musu, sai ka karɓa kana ƙunƙuni. A haka, shekara bayan shekara, bakin ruwan da ke gaban maƙabartarmu ya zama kurmi. Kuma kowane itace da mai shi. Za ka ji ana cewa a haɗu a gindin itacen wane, ko akuya ta maƙale a ƙayar itacen wance.

Ni ma na karɓi gwangwanina. 'Yata ta fari tana da shekara huɗu zazzaɓi ya sanƙarar da ita, idonta ya kafe, har matata ta fara salati. Kwana uku Hakim yana zarya tsakanin gidana da asibiti, bai gaji ba, har yarinya ta buɗe baki ta ce tana son kunu. Da ya miƙo mini tsiron bagaruwa na ce, "Haba Hakim, ni za ka ba icce? Ni da icce ai sai wuta." Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Ba naka ba ne, na ɗiyarka ne. Kai ɗan aike ne kawai." Tun daga ranar ya sa mini suna maƙiyin icce, ko a masallaci muka haɗu da shi yake gaishe ni.

Wata rana da hantsi ya same ni ina haƙar laka can ƙasa da gari, ya ce in ajiye fartanya in biyo shi. Ya kai ni wurin da babu itace, inda gaɓar ruwa ta tsaya tsaye kamar bango. Ya sa ƙafa ya taka bakin, sai ga wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa, tim. Wannan zaizayar ita muke kira haddam, duk wanda ya zauna bakin bahar ya san ta, ta cinye gonaki ba iyaka. Daga nan ya ja ni cikin kurmin, ya ce in tona da hannuna. Na tona, ban kai ko'ina ba saiwoyi suka tare ni, sun sarƙe kamar saƙar tabarma. Ya nuna maƙabarta da haɓa ya ce, "Kuna cewa don tsuntsaye nike wahal da ku. To, har da su. Amma iyayenmu na kwance nan baya. Wanga kurmi shi ke tsaye tsakaninsu da ruwa." Na ce na gane. Kuma wallahi na gane, shi ya sa ba ni da mafaka a labarin nan.

Shekarar da zai rasu, ciwo ya kwantar da shi tun tsakiyar damina. Mutumin da ya tayar da gari guda, nasa ciwon ya fi ƙarfinsa, kuma ya sani. Ya aika a kira ni da safe. Na tarar da shi kwance a gadon igiya a tsakar gida, ya rame, Hajiya na gefe tana soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa. Ya ce, "Maƙiyin icce, zauna." Na zauna a ƙasa. Ya ce yana so ya bar mini amanar kurmin.

Na ce, "Ni? Duk garin nan ba ka ga kowa ba sai ni?"

Ya ce, "Kai kaɗai ne in ka dubi icce kake auna wutar da za shi bayar. Saura ba su da gatarin da za shi iya da kurmi. In ka hana kanka, ka hana kowa." Ya miƙo hannu, na sa nawa a ciki, na ce na ɗauka tsakanina da Allah. Hajiya tana ji, har ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ya roƙi abu ɗaya, a binne shi a bakin maƙabarta ta wajen itatuwan, inda zai riƙa samun inuwa. Ruwa na fara janyewa Hakim ya cika, aka kuma binne shi inda ya ce.

Ban taɓa ganin taro irin na zaman makokinsa ba. Motoci daga Singa, daga Wad Haddad, har daga Kamlin, mutanen da ba mu taɓa gani ba suna kuka kamar ubansu ne. Cikinsu akwai abokan karatunsa, masu fararen rawuna da takalma masu ƙyalli. Suka ce a nuna musu inda ya yi aiki. Aka kai su ɗakin lakar nan. Ɗayansu ya tsaya a ƙofa ya riƙe baki, ya ce da Larabci, "A nan mutumin nan ya ƙare rayuwarsa? Ba ku ji kunya ba?" Ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta shige mu kamar ƙaya. Mu da dama kullum ake yi mana kallon baƙi 'yan ƙwadago, ga shi an same mu da rashin sanin darajar namu.

Ranar uku, kafin a naɗe tabarmin makoki, kawuna ya miƙe. Shi ne shehun gari, wato mai garinmu, ƙanin mahaifiyata, mutum ne mai murya da son a ce an yi. Ya ce ba za mu kwana da wannan gori ba. Za mu yi gayya mu gina asibiti na jan tubali da sunan Hakim, ɗaki huɗu da baranda, wanda duk mai wucewa a mota zai gani. Wuri ya ɗauki kabbara. Wani ya ce laka dai ga ta nan kyauta, hannu ma akwai, to itacen gasa tubali mai yawa haka fa, daga ina?

Kawu ya dafa ƙirji. Ya ce, "Shekarar da maciji ya sare ni, Hakim ya ba ni icce na dasa. Yau ya fi ɗakina tsawo. Nawa ne, ba na kowa ba. Na ba da shi sadaka ga Hakim."

Jama'a, ku ga yadda abu ke lalacewa da kyakkyawar niyya. Wani tsoho ya miƙe ya ce shi ma ya ba da nasa. Wani ya ce nasa da na matarsa. Daga wajen mata aka aiko cewa wance ta ba da na tagwayenta. Mutane na hawaye suna rige-rigen bayarwa, kowa na ganin abin da ya fi ƙauna ya fitar. Ba wanda ya ce a sare kurmi, wannan kalma ba ta fito daga bakin kowa ba. Kowa nasa guda ɗaya ya bayar.

Ni kuwa na miƙe. Na matsa kusa da kawu na ce a hankali, "Kawu, Hakim fa ya bar mini amanar itatuwan ga."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Naka anka ce ka bayar? Mutum shi ba da abin shi sadaka, kai ka hana shi lada? Kuma don wa za a yi? Ba don Hakim ɗin ba?" Kafin in haɗa amsa ya kama hannuna ya ɗaga sama, ya ce da ƙarfi, "Ga ɗana nan, daga nan har Singa babu mai gasa tubali kamar shi. Shi za ya riƙe muna aikin!" Aka sake kabbara, manyan baƙi suna jinjina mini kai.

Zan so in ce muku tsoron kawu ne ya rufe mini baki. Ƙarya ne. Daɗi na ji. Ni da ake kallo baƙi ƙirin da hayaƙi, yau ga masu rawani suna miƙo mini hannu. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Shekara da shekaru ina wuce kurmin nan ina haɗiyar yawu, don na san babu itacen da ke ba kamina wuta kamar bagaruwa, na kuma san lakar da saiwoyin suka tara a ƙasansa babu irinta a duk gaɓar. Hakim ya karance ni tsaf. Sai na lallashi kaina cewa zan yi da dabara, in sare ɗaya in bar biyu, in bar layin da ke bakin ruwa. Har na ji kamar ni ne ma mai ceton kurmin.

Dabarar ba ta kai mako ba. Ranar gayya kowa ya zo da gatarinsa ya nufi nasa itacen. Ka ce wa mutum a bar nasa, sai ya ce, "Ya zol," wato kai bawan Allah, "sadakar wane ta karɓu, tawa ce ba ta karɓuwa?" Har faɗa muka yi da wani don na ce nasa na bakin ruwa ne. Mata na guɗa, ana dafa shayi, ana waƙar yabon Annabi, itatuwa na faɗuwa. Tsuntsaye suka tashi suka yi ta kewaya sama suna kuka, ba wanda ya ɗaga kai. Da ƙyar na tsirar da 'yan ƙalilan a bakin gaɓa, na waɗanda suka mutu ko suka yi ƙaura, da na 'yata a cikinsu.

Mutum ɗaya ce za ta iya tsayar da mu, ita kuwa tana cikin takaba. Hajiya ba ta fita ko ƙofar gida, wata huɗu da kwana goma, kuma ba namijin da zai shiga wurinta. Ba wanda ya je ya gaya mata, wai kada a ƙara mata damuwa. Amma gidansu ba nisa da ruwa. Wata rana matata ta dawo daga gaishe ta, ta tsaya a kaina ina cin abinci ta ce, "Hajiya ta ce in gaya maka tana jin gatari."

Na ce, "Ki ce mata rassa muke ragewa."

Matata ta ce, "Ni ba ni kai mata ƙarya. In kana so, ka jira ta fito ka faɗa mata da bakinka." Ta ɗauke kwanon miya tun ban gama ba.

Muka bar itacen ya sha iska ya bushe, muka haƙi laka a nan gindin kututturan, muka buga tubali muka shanya. Na jera kamina mafi girma da na taɓa jerawa a rayuwata, aka kunna wuta da bismilla. Abin da wanda ba ɗan sana'a ba bai sani ba shi ne, in ka kunna kamina ba ka da ikon tsayawa. In wuta ta yi rauni kafin zafi ya kai sama, tubalin ba ya zama ja, ba ya komawa laka, asara ce gaba ɗaya. Ranar ƙarshe da azahar na hau na duba, saman bai nuna ba, itace kuma ya ƙare. Na yi kuskuren lissafi, ni gwanin. Kawu na tsaye yana zufa, gari duk an zuba mini ido.

Ba wanda ya umarce ni. Ni na ɗauki gatari na nufi bakin gaɓa, maza suka biyo ni. Muka kwantar da sauran ɗaya bayan ɗaya, ɗanyu, muna jan su zuwa wuta. Na 'yata ne na ƙarshe. Lokacin ta zama budurwa, ta kawo mini abincin rana, ta tarar na ɗaga gatari. Ta ajiye kwanon ta ce, "Baba, wannan nawa ne."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ni ban bayar ba."

Duk garin ita kaɗai ta faɗi wannan magana. Na ce mata ta matsa kada reshe ya same ta. Bagaruwar nan ta yi kauri, sai da na yi ta sara kafin ta kwanta, ɗanyen itacen ya yi ta hayaƙi yana tsiyayar da ruwa a bakin wuta. Tubali ya gasu, ja wur, in ka ƙwanƙwasa yana ƙara kamar ƙarfe. Aka ɗaga ni sama ana kabbara. 'Yata ta ɗauki kwanonta ta koma gida, abincin ma ban ci ba.

Da Hajiya ta gama takaba, mata suka raka ta bakin bahar ta wanke fuska da hannu kamar yadda aka saba. Ina can nesa ina kallo. Ta iso inda kurmi yake, ta tarar da fili fetal, kututture da ramukan laka, kabarin mijinta a tsakiyar rana ko inuwar kara babu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta sauka ta wanke fuskarta ta hau. A hanyar komawa ta wuce ta gabana, na durƙusa na ce, "Hajiya, ya haƙuri?" Ta wuce kamar kututturen ne ya yi magana.

Asibiti ya ginu, kuma ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ɗaki huɗu, baranda, farar ƙasa, ga allo da sunan Hakim da manyan baƙaƙe. Aka yanka raguna, manya suka zo daga birni suka yi jawabi, suka ce likita na nan tafe. Muka share ɗakuna muka jira. Kawu ya yi zarya ofis-ofis har takalminsa ya cinye, kullum a ce masa bukra, gobe. Ashe Hakim ba turo shi aka yi ba, shi ya zaɓi zama da mu, kuma ba a sami wani mai irin haukarsa ba. Masu ciwo suka koma hawa mota zuwa Abu Na'ama ko Singa, mai rabo ya kai. Jemagu suka tare a ɗaki biyu, awaki suka riƙe baranda.

Bahar kuwa bai yi gaggawa ba. Damina ta farko ya cika ramukan da muka haƙa, ya ɗan lashi gaɓa. Ta biyu ya tumɓuke kututturan da saiwoyinsu suka ruɓe. Ta uku muka fara auna tazarar da ke tsakanin ruwa da maƙabarta da taku, muna cewa Allah zai kiyaye. Na yi ƙoƙarin dasa wasu, amma tsiron wata uku ba ya tare abin da itacen shekara ashirin ke tarewa, ruwa ya tafi da su har da gwangwanayen.

A damina ta huɗu, wata safiya bayan ruwa ya fara sauka, lokacin da haddam ya fi ɓarna, masu zuwa gona suka dawo a guje. Ƙasa ta tsage a cikin maƙabarta, tsaga mai tsawo, ta raba layin gaba da sauran. Liman ya ce ya halatta a tono mamatan a mayar can tudu. Aka kawo fartanya da sabon likkafani da gadajen igiya, gari duka ya fita.

To a nan ne muka nuna ko mu su wane ne. Da muka isa, kowa ya nufi nasa. Wannan na neman kabarin ubansa, wancan na ɗansa, kawu na tsaye kan na matarsa yana ba da umarni. Ni ma na nufi na mahaifiyata, ba tare da na yi tunani ba. Kabarin Hakim shi ne mafi kusa da ruwa, shi ya kamata a fara tonowa, kowa ya sani. Amma Hakim ba shi da ɗa. Kowa ya ɗauka wani zai yi, ko kuma in ya gama da nasa zai je. Hajiya na tsaye a bayan maƙabarta inda mata ke tsayawa, na ji muryarta sau biyu tana cewa, "Jama'a, Hakim fa. Jama'a!" Na ɗaga kai na ce, "Yanzu, Hajiya, yanzu in sha Allahu."

Na naɗe mahaifiyata na ɗora a gado, na ɗauki fartanya na juya. Taku kaɗan ya rage tsakanina da kabarin Hakim sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Wani ya fizgo rigata ta baya. Gaɓar ta buɗe a hankali, ta karkata, ta tafi gaba ɗaya da kabarin a cikinta. Ruwa ya yi sama ya dawo, ya yi ja na ɗan lokaci, ya ci gaba da tafiyarsa. Masu iyo suka shiga, aka bi gaɓa da jirgi har yamma, ko ƙyallen likkafani ba a samu ba.

Jama'a suka ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ratso maza, abin da ba a taɓa gani ba, ta zo ta tsaya a gabana. Shekara huɗu ba ta ce mini uffan ba. Ta dubi farin ginin da ke can kan tudu, ta dube ni, ta ce, "Kun gina mishi ɗaki huɗu. Shi ko inuwa ɗaya ya roƙe ku." Kafin wata ya ƙare ta tattara kayanta ta koma wurin danginta a Kamlin, can ta rasu. Na yi niyyar zuwa neman gafararta ya fi sau goma, kullum sai in ce bayan girbi.

Ina jin haushin garinmu har yau, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina jin haushin kawu, Allah ya jiƙansa, da baƙon da ya yi mana gori ya hau motarsa ya tafi. Mun so mutumin nan, wallahi mun so shi, amma ba mu taɓa sauraron abin da yake faɗa ba. Muna shan maganinsa muna yi wa maganarsa dariya. Da ya mutu muka girmama shi da abin da zai burge baƙi, muka ƙone abin da ya kwashe rayuwarsa yana ginawa. Sai dai duk in na gama rabon laifi, kaso mafi girma gida yake biyo ni. Sauran ba su sa hannu cikin na Hakim sun ɗauki amana ba. Ba a kai su gaɓa an ce su tona ba. Ni aka kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har gobe ana yaba mini. In baƙo ya zo, sai a kai shi ya ga asibitin Hakim, a nuno ni a ce ga wanda ya gasa tubalin. Ginin yana nan daram, ko tsaga babu, ai na ce muku na iya aikina. 'Yata tana aure a Abu Na'ama da 'ya'yanta, tana gaishe ni tana yi mini duk abin da 'ya ke yi wa uba, amma ba ta taɓa taka barandar nan ba, ni kuma ban taɓa tambayarta dalili ba. Shamuwa ma sun daina sauka a garinmu, sai dai mu gan su suna wucewa.

Ranar Salla da safe, in an sauko daga idi, al'adarmu ce kowa ya je ya gaida mamatansa. Jama'a na hawa tudu wajen sabuwar maƙabarta. Nakan bi su in yi wa mahaifiyata addu'a, sannan in sulale ni kaɗai in gangara bakin bahar. Inda kabarin yake yanzu tsakiyar ruwa ne, kuma kowace shekara gaɓar na ƙara matsowa, har na kasa tuna daidai wurin. Sai in tsaya in ɗaga hannu, in karanta wa ruwan Fatiha gaba ɗayansa.